Gonar Dadin Kowa ko lasisin jirgi: shawara nake nema a kan ɗana

Baban Mubarak, Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai buƙata ta fito da ni. Ɗana na biyu, Mubarak, ya gama sakandare bana. Sakamakonsa ya yi kyau, Lissafi da Fiziks da Turanci duk ya ci. Tun yana firamare ba shi da zance sai na jirgin sama. Ranar da muka raka Goggonsa filin jirgi na Lawanti a nan Gombe za ta tafi Hajji, yaron nan riƙe shingen waya ya yi da hannu biyu har jirgin ya ɓace a sama, sai ɗauko shi na yi cak. Na ɗauka ƙuruciya ce za ta wuce, to ga shi ya kai shekara 18 bai sauya magana ba.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, saura shekara uku in yi ritaya. Abin da na mallaka mai daraja gona ce ta gado a Dadin Kowa, bakin ruwa, ana noman rani a cikinta, sai fili ɗaya a Tumfure. Wani ya ce min in na sayar da su biyun zai shirya masa tafiya Afirka ta Kudu, ya dawo da lasisi cikin shekara ɗaya da rabi. Gonar nan kuwa ita ke riƙe da tukunyar gidana. Don Allah wanda ya san harkar ya faɗa min gaskiya: ta ina ake bi, nawa ake kashewa, kuma in ya gama aikin yana nan?

Hamma Sale, Bolari:
Wa alaikumus salam Bappa. Masha Allah! Wallahi kada ka yi ƙasa a gwiwa. Ƙasa ana sayenta a sake sayen wata, amma ilimin yaro in lokacinsa ya wuce ya wuce. Matuƙin jirgi ɗaya a gida ya isa ya ɗaga dangi gaba ɗaya. Allah ya nuna mana ranar da zai sauke mu a Lawanti da hannunsa.

Adda Maryama:
Amin. Ni ma ina biye da wannan magana, don autata irin ciwon ke damunta. Ina Abu Fatima? Shi ne ɗan gari a wannan harka.

Abu Fatima:
Ga ni Adda. Bappa barka da wannan yaro, Allah ya yi masa albarka. Ni mataimakin matuƙi ne, shekarata ta biyar ke nan a kujerar dama, kuma a Zariya na yi karatu. Zan yi dogon bayani, a yi haƙuri da ni.

Abin da mutane ke kira "lasisi" ba guda ɗaya ba ne, tsani ne. Matakin farko lasisin ɗalibi. Daga nan sai PPL, wanda ke ba ka damar tuƙa ƙaramin jirgi don kanka, ba a biyanka ko kwabo. Mafi ƙarancin abin da ake nema awa 40 a sama, amma yawancin ɗalibai sai sun haura haka kafin malami ya yarda ya miƙa su jarrabawa. Sai CPL, shi ne lasisin neman abinci. A ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, awa 200 ne, ko 150 idan mutum ya bi shiri guda tun daga farko har ƙarshe a makarantar da aka amince da ita. Cikin awannin nan akwai tashin dare, akwai doguwar tafiya ta kilomita 540 da za ka yi kai ne shugaban jirgi, ka sauka a filaye biyu daban. A kan CPL ɗin dole a ɗora abu biyu: izinin tuƙi da na'ura kaɗai, da izinin jirgi mai inji biyu. Na farkon shi ya fi ba ni wuya. Wani abu ake kifa maka a goshi kamar bakin hula, ya rufe maka taga gaba ɗaya, ba ka ganin komai sai agogunan da ke gabanka. Jikinka yana rantse maka cewa jirgi ya karkata hagu, agogo yana ce maka a miƙe kake. Sai ka koyi ƙaryata jikinka ka gaskata agogo.

Can ƙololuwa akwai ATPL, mai awa 1,500, shi ne ke ba mutum damar zama kyaftin a jirgin fasinja. Wannan ba a makaranta ake tara shi ba, a bakin aiki ne.

A gida makarantu biyu aka fi sani. Kwalejin NCAT ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, da International Aviation College ta Ilorin wadda gwamnatin Kwara ta kafa. Zariya tana neman kiredit biyar ciki har da Turanci, Lissafi da Fiziks, sannan akwai jarrabawar shiga da ganawa. Mubarak ya cika wannan sharaɗin.

Baban Mubarak, Tumfure:
Allah ya saka da alheri Kyaftin. To maganar kuɗin fa?

Abu Fatima:
Bappa ban kai kyaftin ba tukuna, a sa ni a addu'a. Kuɗin jirgi da awa ake ƙirga shi, wannan shi ne sirrin duka lissafin. A Amurka, hayar ƙaramin jirgi irin Cessna 172 tare da malami tana kamawa tsakanin dala 200 zuwa 300 a awa ɗaya. Mai inji biyu ya ninka haka. Ka ɗora karatun aji, jarrabawa, littattafai, masauki da abinci na shekara ɗaya zuwa biyu, za ka ga daga farko zuwa CPL cikakke ana maganar dala 80,000 zuwa 100,000. A Ingila shirin da ake yi a dunƙule yana kai fam 100,000. Afirka ta Kudu ta fi su sauƙi, ga yanayi mai kyau kusan duk shekara, shi ya sa 'yan Najeriya suka fi kwarara can. Habasha ma tana da babbar makaranta a Addis Ababa ƙarƙashin kamfanin Ethiopian Airlines.

Zariya ta fi ko'ina rangwame saboda ta gwamnati ce kuma da naira ake biya. Shekarun baya naira miliyan 7.5 ake magana, amma wannan farashin ya zama tarihi tun tuni. Ka taka da ƙafarka ka karɓo takardar kuɗin ta bana, da ita za ka yi lissafi, ba da abin da wani ya biya a zamaninsa ba.

Abu ɗaya game da karatu a Arewa: ɗalibin farko da ido yake tuƙi, sai yana ganin ƙasa da sararin gabansa. In hazo ya sauka a Disamba da Janairu, sai a yi kwanaki jirage na ɗaure. Wanda ke lissafin lokaci ya sa wannan a ciki.

Alhaji Canji, Tashar Dukku:
Bari in sa muku alƙalami a kan abin da Abu Fatima ya faɗa, don sana'ata ce. Farkon 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Dala 80,000 a lokacin naira miliyan 36.8 ke nan. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, ba a shiga ko'ina a 2024 ba dala ta haura 1,500. Dala 80,000 ɗin nan ta koma naira miliyan 120. Makarantar ba ta ƙara ko sisi ba, kuɗinmu ne ya zube. Na ga iyaye a teburina da idona, sun sayar da kadara sun ajiye naira a banki suna tura wa yaro kaɗan-kaɗan, kafin ya kai rabin karatu kuɗin ya zama ba ya sayen rabin abin da aka yi niyya. Malam, in dai waje za a tura shi, ranar da kuɗi ya shigo hannunka ranar za ka mai da shi dala. Kuma ka fara tambayar dillalai nawa gonar da filin za su yi. Ban ga su ba, amma ina shakkar su kai.

Ɗan Kumo:
Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Bappa, ni ne irin ɗan da kake shirin yi wa wannan hidima, shekara bakwai gaba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shanu ya sayar da gida ɗaya a Kumo ya tura ni Afirka ta Kudu. Makarantar farko da wani dillali ya haɗa mu da ita, an sa mu biya rabin kuɗi gaba ɗaya. Jirage uku ne ke tashi, ɗalibai sun fi hamsin. Sai in yi sati biyu ban taɓa sitiyari ba, ga haya na ci, ga biza na tafiya. In ka daɗe ba ka tashi ba kuma hannu yana mantawa, sai ka maimaita darasin da ka riga ka biya. Wata tara na yi a nan kafin na koma wata makarantar, abin da ya rage na kuɗina a ta farkon har yau ban gan shi ba. A ta biyun na gama lafiya, CPL da izinin na'ura da inji biyu, awa 212 a littafina. Na dawo na rubuta jarrabawar dokokin sama a hukumar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, aka mai da min lasisin na Najeriya. Ranar da na shigo Kumo har rago aka yanka.

Sai na fara kai takardu kamfanoni. Ko'ina tambaya ɗaya ce: "Kana da taif retin?" Bappa, wannan ita ce kalmar da ba wanda ya faɗa wa mahaifina. CPL ɗinka na ƙananan jirage ne. Kowane babban jirgi, Boeing 737 ne ko Embraer 145 ko ATR, yana da nasa horon daban da ake yi a simuleta, wato na'urar da ke kwaikwayon tuƙin jirgi a ƙasa, sai an buga maka shi a lasisi kafin ka zauna a gabansa. Kuɗinsa dala 20,000 ne ko sama, ban da tikiti da masauki, don galibi waje ake fita. Lokacin ba abin da ya rage a gidanmu da za a sayar. Mun kashe maciji ba mu sare kansa ba.

Yanzu ina Tudun Hatsi, ina taya yayana cinikin masara da wake. Alhamdulillah ina cin halal. Littafin awannina yana cikin durowar shago a leda, saboda ƙura. Duk shekara ina tara kuɗi in je in sabunta medikal, wato shaidar gwajin lafiyar matuƙi, don kada lasisin ya mutu gaba ɗaya. Izinin na'urar kuwa ya riga ya faɗi, sai na sake biyan kuɗi na yi gwaji kafin ya tashi. In jirgin Abuja ya sauko zai nufi Lawanti, daga ƙarar injinsa nake gane ya fara rage gudu, sai in ga na daina awon da nake yi.

Ba ina cewa kada Mubarak ya yi ba ne. Cewa nake in kuɗin gonar iyakar CPL zai kai shi, to bai kai shi ko'ina ba.

Adda Maryama:
Innalillahi. Allah ya buɗa maka ƙanina. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Hamma Sale, Bolari:
Allah ya kawo mafita Ɗan Kumo, na tausaya maka. Amma kada mu karya wa bawan Allah gwiwa da labarin mutum ɗaya. Ga Abu Fatima nan, ba shi ma ɗan talaka ba ne? Kowa da rabonsa. In kowa ya tsaya sai ya ga ƙarshen hanya kafin ya taka, ba wanda zai fita daga gida.

Ɗan Kumo:
Hamma ba labarin mutum ɗaya ba ne. Muna da zaure namu na waɗanda suka gama ba su samu kujera ba, ba ƙananan mutane ne a ciki ba. Kuma ga misali a fili: gwamnatin Kano zamanin Kwankwaso na biyu ta tura matasa 100 makarantar Mideast Aviation Academy a Jodan. Sun yi karatu sun dawo da lasisi, amma da yawansu sun daɗe a ƙasa saboda wannan taif retin ɗin. In masu gwamnati a bayansu sun sha wannan jira, ina ga mai gona ɗaya?

Matashin Jekadafari:
Ai ko ba komai shi ya tura. Namu gwamnonin wa suka tura?

Mai Kula da Zaure:
Don Allah a bar siyasa a waje. Dattijo shawara ya nema a kan ɗansa.

Abu Fatima:
Hamma Sale, tunda ka kawo sunana bari in faɗi yadda tawa ta kasance, don kada a ɗauka daga makaranta na wuce cikin jirgi. Shekara biyu da wata huɗu na yi a gida bayan na gama. Koyar da Fiziks na yi a wata makarantar kuɗi. Da damar ta zo, kamfani ne ya biya min taif retin bisa yarjejeniyar zan yi musu aiki na wasu shekaru, in na tafi kafin lokacin in biya su kuɗinsu. Wannan ita ce hanya mafi kyau, amma ba kullum ƙofar ke buɗe ba. Sai kamfani ya sayo jirage, ko manyan matuƙansa sun tafi ƙasashen Larabawa, sannan ake neman sababbi.

Inda zan ɗan saɓa da ɗan uwana Ɗan Kumo shi ne, shi ma taif retin ɗin da mutum zai saya da kuɗinsa ba tabbas ba ne. Na san waɗanda suka yi na Boeing 737 da aljihunsu, suka dawo aka ce ana neman mai awa 500 a kan jirgin. Wani kuma ya yi na samfurin da kamfanonin gida suka daina amfani da shi. In ba ka tashi da shi ba, shi ma yana faɗuwa. Shawarata kada a saye shi sai an ga takardar ɗaukar aiki a hannu, amma kuɗinsa ya kasance a ajiye yana jira.

Dalilin wannan cunkoso kuwa a bayyane yake. Da can Nigeria Airways ce ke kwashe waɗanda suka fito daga Zariya, tana horar da su a kan jiragenta. An rufe ta a 2003. A Amurka, bayan hatsarin jirgin Colgan kusa da Buffalo a 2009, doka ta koma sai mai awa 1,500 zai zauna ko a kujerar mataimaki, amma su suna da inda yaro zai tara awannin: ya koyar a makarantar tuƙi, ya ɗauki masu binciken bututun mai, ya kai kaya ƙananan garuruwa. Mu a nan doka ta yarda ka hau babban jirgi da awa 200 da taif retin, sai dai ƙananan ayyukan da za su riƙe ka kafin lokacin kusan babu su. Ko ka samu kujera a Max Air ko Air Peace ko Rano Air ko wani cikin 'yan kamfanonin da ake da su, ko ka zauna.

Amma Hamma yana da gaskiya ta wani gefen. Aikin yana da daɗi kuma yana riƙe gida in an samu. Ranar da malamina ya ce in tsaya a gefen titin jirgi, ya kwance bel ɗinsa ya sauka ya ce in je in zagayo ni kaɗai, awata 14 kacal. Jirgin ya tashi da wuri fiye da yadda na saba saboda nauyin mutum ɗaya ya ragu. Na waiga dama na ga kujera babu kowa, na yi ta karanta Ayatul Kursiyyu har na juyo. Da na sauka abokai suka sheƙa min bokitin ruwa kamar yadda aka saba. Ban taɓa nadamar wannan hanya ba ko a shekarun zaman gida.

Likita, Pantami:
Kun yi nisa a lissafin miliyoyi, ni kuma zan dawo da ku baya. Baban Mubarak, kafin ka kira dillali ko ka cike fom, kai yaron ya yi medikal mai daraja ta ɗaya. Ba kowane asibiti ke yi ba, sai likitocin da NCAA ta ba izini, jerin sunayensu yana wurinta. Za a duba zuciya da na'ura, a gwada ji a ɗakin da ba ƙara, a duba fitsari da jini da hawan jini, sannan ido.

Gilashi ba ya hana mutum tuƙin jirgi in dai yana gyara ganin zuwa yadda ake so, mutane da yawa suna tsorata a banza a kan wannan. Abin da ke kayar da yara shi ne rarrabe launi. Akwai wani littafi, gwajin Ishihara, kowane shafi da'ira ce cike da ɗige-ɗige masu launi, a tsakiya an ɓoye lamba. Mai lafiyar ido zai ce 74 nan take, mai matsalar ja da kore zai ce 21, ko ya ce bai ga komai ba. Gado ne, ya fi kama maza, kuma mutum yana iya kai shekara 20 bai san yana da shi ba. Fitilun jirgi da na titin sauka kuwa ja da kore da fari ne. Na taɓa zama da wani uba da ya riga ya biya kuɗin ajiye gurbi a waje kafin a gano wannan a idon ɗansa. Yaron yana kallon shafin yana murza ido, uban yana nuna masa lambar da yatsa yana cewa "ga ta nan fa". Ban so a sake ganin irin wannan a gidan kowa ba. Ciwon sikila da farfaɗiya su ma suna hanawa. Kuɗin gwajin gaba ɗaya bai kai kuɗin awa biyu a sama ba.

Kuma a sani medikal ɗin nan ba sau ɗaya ba ne, aƙalla duk shekara ne har ƙarshen aiki. Ranar da ya faɗi, aikin ya tsaya. Shi ya sa nake son yaro ya riƙe wani ilimin a ɗaya hannun.

Baba Waranti, Kaltungo:
Shekara 32 na yi a sojan sama ina gyaran jirage, bari in faɗi tawa. Akwai hanyar da ba a sayar da gona: NDA Kaduna, makarantar horar da hafsoshin soja. Yaro ya cike ta JAMB, ya ci jarrabawarsu, ya wuce tantancewa, ya zaɓi sojan sama. In aka zaɓe shi tuƙi, zai fara a makarantar 401 da ke Kaduna a kan ƙananan jirage irin Super Mushshak, masu jirgin yaƙi su wuce 403 a Kano a kan L-39. Gwamnati ke biyan komai har tana ba shi albashi. Kusa da mu ma, hedikwatar rundunar ayyuka na musamman ta sojan sama a Bauchi take.

Amma Malam ka ji da kyau. Ba duk wanda ya shiga sojan sama ke zama matuƙi ba, rundunar ce ke zaɓa. Kuma wanda ya shiga soja ne kafin komai. Inda aka tura shi nan zai je, Maiduguri ce ko Zamfara, kuma ba zai ajiye aiki ranar da ya ga dama ba. Na ga yaran da suka shigo da niyyar su tara awanni su gudu kamfani, ba su ji daɗin zaman ba. In Mubarak yana son kaki don kaki, bismillah. In jirgin fasinja kawai yake so, kada a tura shi ta nan don gudun kashe kuɗi. A tambaye shi, a kuma tambayi mahaifiyarsa. Shekaru ma suna da iyaka a NDA, don haka ba abin da za a yi ta jinkiri ba ne.

Adda Maryama:
Abu Fatima, ita mace fa? Kawunnan autata cewa suke ba aikin mata ba ne, wai ba za a ma ɗauke ta ba.

Abu Fatima:
Adda ana ɗauka, kuma ba yau aka fara ba. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, a Zariya ta yi karatu, daga baya har ta shugabanci kwalejin. A sojan sama Kafayat Sanni ta zama matuƙiyar jirgin yaƙi a 2019. Na yi tashi da mata kyaftin, hannunsu ba ya rawa. Sharuɗɗan ɗaya ne, kuɗin ma ɗaya ne. Abin da za ku zauna ku tattauna a gida shi ne yanayin aikin: kwana a wani gari, fita kafin asuba, azumi da salla a hanya, ga gwajin simuleta duk wata shida. In ta ci medikal kuma gida ya tsaya mata, ba abin da zai hana. Ta dage da Turancin baki, don akwai gwajin magana da hasumiyar da ke ba jirage umarni, sai an kai mataki na 4 a ma'aunin ICAO.

Malama Hauwa, Kashere:
Ni malamar jami'a ce, ga tawa gudummawar. Me zai hana Mubarak ya shiga jami'a tukuna, ya karanta injiniya ko Fiziks a nan gida ko a AFIT, kwalejin fasaha ta sojan sama da ke Kaduna? Zai gama yana da shekara 22 ko 23. Matuƙin jirgin fasinja yana aiki har shekara 65, ba a makara ba. Kafin nan Malam ya karɓi haƙƙinsa na ritaya, gona tana nan tana kawo shinkafa, an kuma ga ko son jirgin yana nan daram.

Ɗan Kumo:
Malama ta faɗi abin da na so a ce an faɗa mana. Da ina da digiri da zaman jiran bai yi min nauyi haka ba. Kuma ana iya yin karatun jirgin daki-daki: a yi PPL a tsaya, a tara kuɗi, a ci gaba. Illarsa in tazarar ta yi yawa hannu yana sanyi, sai an ƙara awanni. Amma ko banza PPL zai nuna ko yaron yana da hannu, ko yana jure jiri da amai, kafin a zuba babban kuɗi.

Bappa, mutumin da ya ce zai shirya muku tafiyar, ka tambaye shi sunan makarantar. Ka duba ko hukumar jiragen saman Afirka ta Kudu ta amince da ita. Ka tambayi jirage nawa ke tashi, ba nawa ke ajiye ba, ɗalibai nawa, malamai nawa. Ka nemi ɗalibin da ke can yanzu ku yi magana ba a gaban dillali ba. Farashin da za su rubuto maka na mafi ƙarancin awanni ne, ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai. Kuɗi kuma asusun makaranta kai tsaye, mataki-mataki, kada ka yarda da ragin da za a yi maka don ka biya duka a dunƙule. Wannan ragin ne ya ci kuɗin mahaifina.

Hamma Sale, Bolari:
To na ji, kuma na karɓi gyara a kan sayar da gonar yanzu. Amma ina nan a kan bakata cewa kada a kashe wa yaro zuciya. In an ce jami'a tukuna, a faɗa masa dalili, a nuna masa lissafin, kada ya ga kamar an yi masa dabara ne don ya manta.

Baban Mubarak, Tumfure:
'Yan uwa na gode, Allah ya biya ku. Kwana tara ban leƙo ba saboda na bi maganar Likita. Mun je Abuja ni da Mubarak, an yi medikal, alhamdulillah ya wuce, littafin ɗige-ɗigen ma duk ya karanta. Na kira dillalai biyu sun ga gonar da filin. Alhaji Canji, shakkarka ta tabbata, ko CPL ɗin ba za su kammala ba balle abin da ke bayansa. Mutumin da ya yi min tayin kuma da na nemi sunan makarantar sai ya ce in fara ba da wani abu tukuna, daga nan ban sake kiransa ba.

Na zaunar da yaron na ba shi wayata ya karanta duk abin da kuka rubuta. Ya daɗe a kan na Ɗan Kumo. Maganar soja mahaifiyarsa ba ta amince ba, shi ma ya ce ba kaki ne a ransa ba. Mun tsaya a kan zai cike injiniya bana, sati mai zuwa kuma za mu je Zariya mu karɓo takardar kuɗi mu ga wurin da idonmu. Filin Tumfure na yi masa alkawarinsa na PPL in ya kai aji uku da sakamako mai kyau. Gona ba za a taɓa ta ba.

Ɗan Kumo, ɗana, Mubarak yana roƙon ko zai iya zuwa wurinka ya ga littafin awannin nan.

Ɗan Kumo:
Ya zo Bappa, ranar Asabar bayan la'asar kasuwa ta lafa. Na turo maka kwatancen shagon ta akwatin sirri. Littattafaina na yanayin sama da na dokoki da na lissafin hanya duk suna nan a kwali, zan kakkaɓe masa su ya tafi da su. Ya taho da littafin rubutu da biro, daga karatun taswira za mu fara.